Katongo Ya Kwance Giyabos a Gaban Surukarsa

A duk unguwar Kantanshi, in ka cire ƙararrawar coci, babu abin da ya kai Evaristo Katongo ƙara. Shekara goma sha biyu ya yi yana gadin ƙofar garejin masu haƙar tagulla a Mufulira, ya ɗaga sanda mota ta shiga, ya sauke in ta wuce. Da aka sallame su, sai ya dawo unguwa a matsayin injiniya. In ka tambaye shi inda ya koyi aikin, sai ya ce babu motar da aka gyara a garejin nan wadda ba ta bi ta gabansa sau biyu ba, tana ciwo da kuma bayan ta warke, to me ya rage bai sani ba?

Mutum ɗaya ce take kashe masa baki, ita ce surukarsa, Mayo Chisanga. Shekara goma sha tara ke nan da ya auri Prisca, amma har yanzu danginta ba su yi masa bikin shigar da suruki ba. Wanda ba a yi wa bikin nan ba kuwa, ba ya kallon uwar matarsa ido da ido, ba ya ci inda take ci, ba ya yi mata magana kai tsaye, ita ma ba ta yi masa. In sun yi kiciɓis a hanya, shi ne zai faɗa ciyawa ya ba ta wuri. Mijin ƙanwar Prisca, wani malamin makaranta shiru-shiru, shekara shida kacal ya yi aka shigar da shi, yanzu har kwano ɗaya suke sa hannu da tsohuwar. Wannan abu yana ci wa Katongo tuwo a ƙwarya, kuma duk cika bakinsa bai iya ɓoye shi ba.

Kwatsam sai ga saƙo daga Kasama cewa dangi sun amince. Za a yi bikin ran Asabar a gidan Kawu Musonda, ƙanin tsohuwar, can kan tudu bayan kasuwa. Ran Litinin Mayo Chisanga ta iso da ƙunshin busasshen kifinta, aka sauke ta a ɗakin baya.

A tsakar gidan akwai wata tsohuwar Cressida mai canza giya da kanta. Motar marigayi mijin Mayo Chisanga ce, wanda shi kam bakanike ne na gaske, ta bar wa 'yarta ita bayan rasuwarsa. Kusan shekara guda motar tana laulayi: ka taka totur injin ya yi ta kururuwa, ita kuwa sai ta gama shawara kafin ta motsa. Tsohuwar ta daɗe tsaye tana shafa goshin motar. Tun da ba dama ta yi wa surukinta magana, sai ta juya ga bishiyar mangwaron da ke tsakar gida, kamar yadda ta saba in tana da saƙo.

"Ke bishiya," ta ce, "da ma zan ƙara shiga motar nan sau ɗaya kafin in bi mai ita."

Katongo yana laɓe a bayan ɗakin girki, ya ji. Nan take ya fito da baya-baya, ya durƙusa yana fuskantar bishiyar, ya roƙe ta ta shaida wa Mayo cewa ran Asabar a cikin motar nan za ta je gidan Kawu, shi da kansa zai tuƙa ta, kuma in ta ji girgiza ko ta ƙwayar gero a fasa bikin.

Prisca ta ja shi gefe ta ce a kai motar gareji a cikin gari mana. Ya ce mata ciwon a giyabos yake, wato akwatin giya, shi kuwa ba komai ba ne illa tukunya mai haƙora, kuma waɗancan 'yan garejin ko gaisuwa ba su isa su yi da shi ba a zamanin da yake bakin aiki. Ta tuna masa rediyon da ya gyara bara, wanda yanzu kaji ke ƙwai a cikinsa. Ya ce wannan laifin wuta ne.

Ran Talata da hantsi ya ɗora motar a kan bulo huɗu ya shige ƙarƙashinta da sifana. Maƙwabcinsa Jere ya kawo kujera ya ajiye a jikin shinge, don shi ba ya barin kallon kyauta ya wuce shi. Jere Bangone ne daga gabas, Katongo kuwa Babembe, tsakanin ƙabilun nan biyu akwai wasan kakanni, kowa ya zagi kowa babu mai kai ƙara.

"Kai mai cin biri," in ji Jere, "ka zubar da man da ke ciki kafin ka kwance?"

"Mai cin ɓera, ka bari sai an zo haƙar rami a nemi shawararka."

Bai rufe baki ba farantin ƙasan giyabos ɗin ya saki. Jan mai ya kwararo masa daga goshi har cikin riga. Ya fito yana tari, jajir da shi, sai ka ce akuyar da aka fara yankawa aka fasa. Wata mai tallar tumatir da ke wucewa ta yar da tirenta ta ɗora hannu a ka, ta ruga tana cewa mota ta danne Baban Lombe, kamar yadda ake kiran Katongo a unguwa. Kafin ya samo tsumma, mata shida sun shigo gidan suna kuka, ɗaya har ta fara waƙar jana'iza. Katongo ya tsaya a tsakiyarsu yana ɗiga, ya yi musu bayani cewa haka injiniyoyi ke gwada ingancin mai, da fata. Jere ya ce ashe ba a banza aka ce birai sun fi mutane dabara ba.

Da la'asar giyabos ɗin ya sauko, ba don an sauke shi ba. Ya faɗo a kan babban yatsan ƙafar Katongo, ya yi tsalle uku ba tare da ya yi ko uffan ba, saboda surukarsa tana zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, kuma ba a ihu a gaban suruka.

Ran Laraba aka buɗe ciki. A nan ne ido ya fara raina fata. Shi da ya yi tsammanin zai ga haƙora biyar ko shida, sai ya tarar da faifai a kan faifai, zobe a cikin zobe, da wani faranti mai hanyoyi birjik kamar gidan tururuwa. Wurin ajiya ya ƙare, ya shiga ɗakin girki ya kwaso tukwanen Prisca da kwanukanta da faifan sheƙe masara, ya riƙa zuba ƙarafa a ciki yadda hannu ya kama.

Mayo Chisanga ta yi gyaran murya. Ta gaya wa bishiya cewa shekara talatin ta yi tana riƙe wa marigayi kayan aiki, kuma shi in ya kwance irin wannan, a waya yake jera faya-fayan ɗaya bayan ɗaya yadda suka fito, don su koma yadda suke.

Katongo ya cire hula ya fuskanci bishiyar da ladabi. "Bishiya, ki yi wa Mayo godiya. Ki ce wancan aikin mutanen da ne. Mu na yanzu a ka muke jerawa."

"Bishiya," in ji tsohuwar, ba ta ko ɗaga kai daga gyaɗarta ba, "ki tambaya ko akwai wuri a kan."

Jere ya yi dariya har kujerarsa ta kife.

Haushi ya sa Katongo ya finciki farantin nan mai hanyoyi ya raba shi biyu da ƙarfi. Wasu 'yan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, ba su fi ƙwayar wake ba, suka watse a tsakar gida. Kajin Prisca, da suke ganin an watsa musu hatsi, suka yi caa a kai. Ya bi su da gudu yana ɗingishi, ya zaga bishiya sau biyu, ya kama zakaran ya juya shi ƙafa sama yana girgizawa yana ce masa ya fito da kayan mutane. Zakaran ya ba shi abin da yake da shi a kan takalmi, amma ba ƙwallo ba. Guda uku kawai aka tsinta, kuma shi kansa bai san nawa ne tun farko ba, balle ramin da kowace take zama.

Ran Alhamis ya tafi wurin mai gyaran keke a bakin kasuwa neman boris, wai ƙwallo ƙwallo ne, ƙarfe bai san inda aka haife shi ba. Yana fita sai ga matan dangi sun zo ɗaukar tukwane don girkin biki, Gwaggo Nkole a gaba. Suka tarar da kowace tukunya cike da ƙarafa masu maiƙo. Gwaggo Nkole mace ce mai tausayi da tsafta, ta ce bai kamata a bar surukin gida da wannan ƙazanta shi kaɗai ba. Suka juye komai a baho ɗaya, suka sa toka da yashi suka dirje faya-fayan nan tas, har wata takarda-takarda da ke manne a jikinsu ta fita, suka ɗauraye da ruwan famfo, sannan suka jera a rana, manya da manya, ƙanana da ƙanana. Mayo Chisanga tana wurin ƙaninta a lokacin, da tana nan da ta hana.

Da Katongo ya dawo ya ga aikin, sai da ya dafa bango. Ko shi ya san wannan takardar ba datti ba ce. Amma duk matan nan surukai ne, ba a ɗaga musu murya, ga shi kuma suna tsaye suna murmushi suna jiran yabo. Ya tafa hannu ya yi godiya, ya ce wallahi kamar sun shiga zuciyarsa, abin da yake shirin yi ke nan da ya dawo.

"To ai sai ka ba su sifanar su ƙarasa," in ji Jere daga shinge.

Ran Juma'a ya wuni yana mayarwa. Abin da ya ƙi shiga da lallami ya shiga da guduma. Da ya ɗaure noti na ƙarshe, sai ya waiwaya ya ga saura wani siririn ƙarfe mai tsawon kamu ɗaya, da wata 'yar ƙugiya, suna kwance a kan tabarma suna kallonsa. Ya sa ƙafa zai tura su ƙarƙashin tabarmar, amma tsohuwar ta riga ta gani.

Wannan karon ba ta yi ba'a ba. Ta gaya wa bishiya a hankali cewa wannan ƙarfen shi ne ke riƙe mota in an tsayar da ita, kuma burkin hannun motar nan tun marigayi yana da rai ya mutu. Ta ce babu kunya a sake kwancewa, ita za ta iya zuwa gidan ƙaninta da ƙafa.

Da Katongo ya ji ta ambaci zuwa da ƙafa, sai abin ya soke shi. Ya ce wa bishiya ta kwantar wa Mayo hankali, masu ƙera mota sukan cusa ƙarafan banza don kaya su yi nauyi a sikeli, injiniya ne kaɗai ke gane su. Ya ɗauki ƙarfen da ƙugiyar ya cilla kan rufin akurkin kaji. Tsohuwar ta dubi bishiyar ta daɗe, ba ta sake ba ta saƙo ba.

Asabar ta yi. Katongo ya sa kwat ɗinsa na aure, wanda maɓallinsa ɗaya ne ke iya haɗuwa. An yi wa motar ado da furannin leda. Mayo Chisanga ta shiga baya ita da Gwaggo Nkole, ya karkatar da madubin ciki don kada idonsu ya haɗu. Bayan mota mata ne da tukwane a ka, an naɗe su da atamfa, sai makaɗa uku da ganguna. Rabin Kantanshi sun fito bakin hanya.

Ya murɗa makulli, injin ya tashi. Ya leƙo ta taga ya dubi Jere ya ɗaga gira. Ya sa giya. Shiru. Ya taka totur, injin ya yi kuka, mota ko gezau. Ya ce tana gaisawa da sabon mai ne. Ya ƙara takawa har ƙasa, sai aka ji gwaram, motar ta yi tsalle kamar an tsikari jaki, ɗankwalin Gwaggo Nkole ya faɗo gaban mota.

Daga nan ta kama tafiya, in dai za a kira wannan tafiya. Ta maƙale a giya ta ɗaya tana gurnani, hayaƙi mai warin ƙonannen tuwo yana fitowa ta ƙasa, jan mai yana zana layi a bayanta. Matan da ke ɗauke da tukwane suka rage sauri don girmamawa, suka ƙara ragewa, da wuyansu ya gaji suka wuce ta. Makaɗa ma suka wuce. Jere ya jera da tagar direba yana tafe da hannu a baya, yana tambaya ko akwai saƙon da zai kai gidan Kawu kafin su iso. Katongo ya ce sabon aiki ba a gaggauta shi, duk wanda ya san inji ya san haka.

A hawan tudu sai da samarin kasuwa suka sa hannu. Da ƙyar da jiɓin goshi aka kai ƙofar Kawu Musonda, inda dangi suka yi layi, an kafa rumfa a gefen hanya, an jera tukwane da babban duro na kunun munkoyo a ƙasan gangaren inda inuwa take. Katongo ya mayar da giya wurin tsayawa, ya kashe mota, ya fito yana gyara kwat. Gwaggo Nkole ta fita tana tari. Ya zagaya ya durƙusa a gaban Kawu, bayansa ga motar kamar yadda ladabi ya ce, ya fara jawabin da ya kwana biyar yana shiryawa, cewa yau ga shi ya kawo Mayo lafiya a motar da ya tayar daga kabari da hannunsa.

Bai lura fuskokin mutane sun canza ba. Motar ta fara sulalewa da baya, a hankali, da Mayo Chisanga zaune a ciki, jakarta a kan cinya.

Prisca ce ta ƙwalla ƙara. Katongo ya waiwaya ya zabura, ya bi motar ya kama ƙofar direba, mariƙin ya ɓalle a hannunsa. Ya ci gaba da gudu a gefen tagar baya, kansa a karkace don kada ya kalle ta, yana neman abin da zai ba wa saƙo. Babu bishiya a kusa.

"Madubi!" ya yi ihu. "Madubi, ka gaya wa Mayo ta tsallaka gaba ta taka burki!"

"Madubi," in ji tsohuwar daga ciki, muryarta ko rawa ba ta yi, "ka ce masa burkin yana kan akurkin kaji."

Motar ta bi ta kan tukunyar kaji, ta ture ta wake, ta kwashe ƙafar rumfa ɗaya, sannan ta daki duron munkoyo ta tsaya. Duron ya yi tangaɗi ya kife a kan Katongo, wanda ya riga ya zame ya faɗi a cikin miyar gyaɗa. Makaɗa suka tsaya da kiɗa. Karnukan unguwa ne kaɗai suka san abin yi.

Aka buɗe wa Mayo Chisanga ƙofa, ta fito ta gyara zaninta, ko ƙwarzane babu. Kawu Musonda kuwa ya fusata. Ya ce mutumin da ya kusa kashe masa 'yar'uwa, ya zubar da abincin mutum ɗari, ba shi ba shiga gidansu, ya je ya ƙara wata sha tara tukuna. Dattawa suka gyaɗa kai.

Katongo yana durƙushe, kunu na ɗiga daga kunnensa. Ya dubi malamin makarantar nan tsaye kusa da tsohuwar yana riƙe mata jaka, ya dubi Prisca da ta rufe fuska da gefen zani, sai idonsa ya kawo ruwa.

"A'a," in ji Mayo Chisanga. "Yau za a yi. Yanzu ma."

Kawu ya fara gardama, ta tuna masa wa ya goya wani. Aka tattara abin da ya tsira, tukunyar tuwon masara ɗaya da busasshen kifin da ta zo da shi daga Kasama. Aka ɗauraye Katongo da bokiti biyu, aka shiga da shi ɗaki ana guɗa sama-sama, aka yi abin da al'ada ta ce a gurguje. Tsohuwar ta gutsuri tuwo ta miƙa masa da hannunta, ya karɓa ya ci. Kawu ya sanar, yana cije baki, cewa daga yau babu shamaki tsakanin wannan mutum da uwar matarsa, ya zama ɗa, za su iya gaya wa juna komai.

Kafin a fito tsakar gida Katongo ya farfaɗo. Har ya fara gaya wa na kusa da shi cewa ai da gangan ya auna duron, don ya san shi ne zai tare motar ba tare da an ji ciwo ba.

"Evaristo."

Mayo Chisanga ce. Bai taɓa jin sunansa a bakinta ba. Ya juya a hankali, ya kalli fuskarta sosai, abin da ya yi shekara goma sha tara yana jira. Ta jawo kujeru biyu ta ajiye su suna fuskantar juna, ta zauna a ɗaya, ta nuna masa ɗayar.

"Zauna, ɗana. Kalle ni nan, ba ƙasa ba. Shekara goma sha tara ina haɗiye magana saboda al'ada ta ɗaure mini baki, yau kuma kai da kanka ka ji an kwance shi. Ba da motar za mu fara ba, ita ce ta ƙarshe. Za mu fara daga ranar da ka zo neman 'yata ka ce mana kai matuƙin jirgin ƙasa ne."

Katongo ya dubi Kawu, ya tambaya da ƙaramar murya ko akwai yadda ake mayar da shamakin. Kawu ya ce tun da aka halicci Babembe ba a taɓa yi ba.

Jere ya matso da kujerarsa. Prisca ta kawo wa uwarta ruwa a babban kofi, don kada maƙogwaronta ya bushe. Har rana ta karkata, Mayo Chisanga ba ta gama da shekarar farko ba.